Orangi: Unguwar da Ta Haƙa wa Kanta Magudana

Baƙon da ya sauka Karaci ta ƙasar Pakistan ya tambayi abin kallo, za a kai shi kabarin Muhammad Ali Jinnah mai farar ƙubba, ko bakin teku na Clifton inda raƙuma masu ado ke yawo da yara, ko tsohuwar kasuwar Empress da ta rage tun zamanin Turawan Ingila. Ba wanda zai ce masa ya leƙa Orangi. Ni kuwa Orangi ce ta kai ni garin, ga shi abin da na je gani yana binne a ƙarƙashin ƙasa, sai an ɗaga murfi ake ganinsa.

Daga North Nazimabad muka bi ta Kati Pahari, wani dogon dutse da aka tsaga aka shimfiɗa titi a tsakiyarsa. Muna fita ta ɗaya gefen sai gari ya buɗe: gidajen bulo masu launin toka sun hau tuddai sun gangara kwari, iya ganin ido. Babura, a-daidaita-sahu, manyan motocin haya da aka yi wa zane kamar amare, tankokin ruwa, ƙura, kiran salla daga masallatai ta kowace kusurwa. Masu ƙiyasi na cewa mutanen Orangi sun haura miliyan 2, shi ya sa ake lissafa ta cikin manyan unguwannin talakawa na duniya. Amma wanda ya taho da tunanin zai tarar da bukkokin kwano da leda zai sha mamaki. Gidaje ne ginannu, wasu hawa biyu wasu uku, layuka a miƙe, yawancinsu an daɓe su. A lungunan da muka bi ban tsallake kwata ko ɗaya ba.

Unguwar awon igiya ce tun asalinta, irin wadda mutanen can ke kira katchi abadi. An fara zama a wurin a 1965. Fili na gwamnati ne, dillalai suka riƙa yankawa suna sayar wa talakawan da suka rasa muhalli a cikin gari, da sanin wasu ma'aikatan hukuma da 'yan sanda waɗanda ke karɓar rabonsu. Bayan yaƙin 1971 da ya raba Bangaladash da Pakistan, Biharawa masu jin Urdu suka kwararo daga gabas ba su da komai sai kayan jikinsu. Pashtun suka sauko daga arewa neman aiki, ga Baloch, ga 'yan Punjab da Sind. Dillalan nan, duk da halinsu, sun yi abu guda da ya amfani jama'a daga baya: sun yanka filayen a jere, sun bar layi tsakanin gidaje. Masu buga bulo, waɗanda ake kira thallewala, su ne suka zama bankin unguwa kuma injiniyoyinta, suna ba da bulo bashi suna nuna wa mutum yadda zai tayar da ɗaki ɗaya, in ya samu ya ƙara.

Abin da ba wanda ya tanada shi ne inda ƙazanta za ta bi. Wasu gidajen masan bokiti suke da shi, mai kwashewa ya zo bayan 'yan kwanaki, sau da yawa ya juye a kwararo mafi kusa. Masu ɗan hali suka haƙa sokawe, ta cika, ta jiƙa tushen gini har bango ya fara cin gishiri. Ruwan wanka da na wanke-wanke kuwa tsakiyar layi yake bi. Gudawa, taifot da zazzaɓin cizon sauro suka zama 'yan gida, kuɗin da maigida ya samo a masaƙa ko wajen leburanci ya ƙare a kantin magani. Hukumar gari ta ce unguwar ba ta cikin tsari, saboda haka ba ta da hakki a kanta. 'Yan siyasa kuma duk zaɓe sai sun yi alkawarin magudana kyauta, jama'a na jira.

A wannan hali Dokta Akhtar Hameed Khan ya iso a 1980, ya riga ya haura shekara 60. Tarihin mutumin nan kaɗai ya isa a yi tafiya dominsa. An haife shi a Agra a 1914, ya shiga aikin mulki na Indiya a ƙarƙashin Ingila, aikin da a lokacin babu wanda ya fi shi daraja ga ɗan ƙasa, har aka tura shi karatu Kambirij. Ya ga yunwar Bengal ta 1943 da idonsa, ya ga yadda hukuma ta yi da talakawa, sai ya ajiye aikin a 1945 ya koma wani ƙauye kusa da Aligarh yana leburanci da ƙera kwado, don ya san rayuwar waɗanda ya kasance yana mulka. Daga baya ya yi suna da aikin raya karkara a Comilla, a Gabashin Pakistan ta wancan lokaci. Da gidauniyar bankin BCCI, ta hannun Agha Hasan Abedi, ta nemi ya yi wani aiki a Orangi, sai ya karɓa bisa sharaɗin a bar shi ya yi yadda ya ga ya dace, ba tare da an ɗaura masa wa'adi ko adadin abin da zai cimma ba. Haka aka haifi Orangi Pilot Project, wadda kowa ke kira OPP.

Watannin farko bai gina komai ba. Yawo ya riƙa yi a layuka, yana zama a shagunan shayi, yana sauraron kansiloli da dillalai da magina da limamai, yana rubutawa. Abin da ya gano shi ne mutanen da suka gina gidajensu da guminsu ba ragwaye ba ne, kuma ba su jahilci illar ƙazanta ba. Abin da ya tsare su, da farko, imanin da aka cusa musu cewa magudana aikin gwamnati ne kuma kyauta za ta zo. Sannan farashin da hukuma ke faɗa ya fi ƙarfin talaka. Ko da sun so su yi, ba su da mai auna musu gangare, ba su kuma da wani tsari da zai haɗa gidaje a kan aiki ɗaya. Sai ya ɗauki tambayar farashin ya bi ta dalla-dalla tare da masu fasaha, cikinsu har da Arif Hasan, masanin zanen gine-gine wanda ya zama babban mai ba aikin shawara. Me ya sa magudanar hukuma ke da tsada haka? Suka tarar ribar ɗan kwangila ce, da cin hancin da ke bin kowace takarda, da ƙa'idojin gini da aka gada daga Ingila, waɗanda aka tsara don titunan da manyan motoci ke bi, ba lungun da ko amalanke da ƙyar take juyawa ba.

Wani saurayi daga ofishin OPP da ke Qasba Colony, kan titin Manghopir, shi ya zagaya da ni, kuma a tsakiyar wani layi ya sa ƙarfe ya ɗaga mini murfin ramin dubawa. Ramin ba shi da zurfi, domin ba nauyin da zai danne bututun. Murfin na kankare ne ba na ƙarfe ba, saboda na ƙarfe ɓarayi ke ɗauka su sayar, na kankare kuwa ba mai saye, kuma nauyinsa ya hana yara buɗewa su zuba shara. Ramin kansa a wurin aka zuba shi, da ƙwaryar ƙarfe da OPP ke bayarwa aro, don kada a nemi ƙwararren birkila. Tsakanin masan kowane gida da bututun layi akwai ɗan ƙaramin rami da ke tare dauɗa mai nauyi, ruwa kawai ke wucewa. Wannan dabara ta ƙarshe ta burge ni ƙwarai. A unguwar da ruwa ke wuya, bututu zai toshe in aka sake masa komai, ɗan ramin nan kuma yana cikin hakkin mai gida: in ya zuba abin da bai kamata ba, a ƙofarsa zai fara gani kafin ya dami maƙwabta. Da waɗannan gyare-gyare kuɗin masai na zamani da bututun layi ya sauko zuwa wajen rupi 1,000 a kan kowane gida a shekarun 1980, alhali hukuma na kashe ninkin haka sau biyar ko fiye.

Dabarar da ta fi ta siminti ita ce zaɓen layi a matsayin tushen aiki. Layi ɗaya gidaje 20 ne zuwa 40. Kowa ya san kowa, an san mai gaskiya, an san mai taurin bashi. Ma'aikatan OPP su zo su yi taro, su nuna hotuna, su yi bayani, su tafi. Ba sa lallashi. In mutanen layi sun amince, su zaɓi mutum ɗaya daga cikinsu ya zama shugaban aikin, shi zai rubuta takardar neman taimako. Daga nan OPP ta turo mai awo ya auna gangare, ya zana taswira, ya lissafa fayif nawa, buhun siminti nawa, yashi nawa, ladan lebura nawa, ya miƙa musu takardar tare da aron kayan aiki. Karo-karo kuwa su za su yi, shugaban layi ya tara, shi ya sayo kaya, shi ya ɗauki magini, shi ya yi wa maƙwabtansa bayanin kowane rupi. Kuɗin jama'a ba ya shiga hannun ƙungiyar, kuɗin ƙungiya kuma ba ya shiga ramin.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Mun saba ganin ƙungiya mai zaman kanta ta zo da farar mota da allon sanarwa, ta haƙa rijiya ko ta gina ban ɗaki, a yanka kyalle, a ɗauki hoto, bayan damina biyu abin ya lalace ba mai kula, domin tun farko ba na kowa ba ne. Dokta Khan ya ƙi wannan hanya da gangan, kuma an zarge shi da rowa da taurin kai saboda haka. Ra'ayinsa shi ne tallafin kuɗi yana kashe zuciya, yana jawo 'yan tsakiya, kuma ba zai taɓa isa ga kowa ba: in ka biya wa layi goma, sauran dubbai za su naɗe hannu su jira nasu rabon. Ilimi kuwa ba ya ƙarewa don an raba shi. Aikin gayya ne irin wanda muka sani, sai dai an ɗora masa ma'aunin injiniya da littafin lissafi, kuma rashin waɗannan biyun ne ke sa gayya da yawa ta watse bayan ranar farko.

Wani dattijo da ya taɓa shugabantar layinsa ya zaunar da mu a ƙofar gida ya sa aka kawo shayi mai madara. Ta bakin ɗan rakiyata ya ba ni labarin yadda aka sha gardama kafin a fara, yadda wasu suka ce sai sun ga layin maƙwabta ya yi aiki tukuna, da yadda aka ɗauke wa wata bazawara kasonta ba tare da an tozarta ta ba. Ya ce maza ne ke zuwa taro, amma mata ne suka matsa, domin su ke wuni da warin, su ke jinyar yara, su kuma ke fama da rashin wurin kewayawa mai sutura. Da yawansu daga kuɗin cefane suka riƙa tsakura har kason gidansu ya cika. Yana magana yana nuna tsakiyar layin da sandarsa, ya san inda kowane fayif ya bi, domin yana tsaye aka binne shi.

Ba a fara da sauƙi ba. Layukan farko wasunsu an yi su da gaggawa, gangare bai daidaita ba, sai da aka tone aka gyara, abin da ya sa OPP ta ƙara ƙarfi wajen horar da magina da sa ido. A farkon shekarun 1980 kuma wani mashawarci da hukumar kula da matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta turo ya ce tsarin ba zai yi ba: babu babban zane na gari gaba ɗaya, talakawa ba za su iya aikin injiniya ba, kuma ƙazantar kwararo take faɗawa. Saɓanin ya kai ga an raba Orangi biyu, kowane ɓangare ya gwada hanyarsa. Kafin ƙarshen shekarun, aikin ƙwararrun ya tsaya bayan ya kammala layuka 'yan kaɗan da kuɗi masu yawa, na jama'a kuwa ya shiga dubbai, har layuka suka riƙa kwaikwayon juna ba tare da sun nemi ofishin OPP ba. Yau fiye da kashi 90 cikin 100 na layukan tsohuwar Orangi suna da magudana ta ƙarƙashin ƙasa, gidaje sama da 100,000 suka biya da aljihunsu. Binciken da aka yi a wani sashe na unguwar ya nuna mutuwar jarirai ta sauko daga wajen 130 cikin kowane 1,000 a 1982 zuwa 37 a 1991.

Akwai masu cewa wannan sauke wa gwamnati nauyi ne, a bar talaka ya biya abin da mai kuɗin Clifton ke samu a sauƙaƙe. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ban ga mutanen OPP suna gudunta ba. Amsarsu ita ce rabon aiki. Masai na cikin gida, bututun layi da ƙaramar magudanar da ke tattara layuka, waɗannan jama'a za su iya, sun kuma nuna sun iya. Babbar magudana da matatar ƙazanta kuwa aikin hukuma ne, ba wanda zai yafe mata. Bambancin shi ne unguwar da ta riga ta yi nata kason ba roƙo take zuwa yi ba, da taswira da lissafi take shiga ofis. A 2006 gwamnatin Pakistan ta shigar da wannan rabon aiki cikin manufarta ta tsaftar muhalli, kuma garuruwa irin su Faisalabad da Lodhran sun ɗauki tsarin. Sai dai gaskiya ɗaya ce: hukuma ba ta cika nata kason ba. Mafi yawan ƙazantar Karaci har yanzu teku take shiga ba a tace ba, ruwan famfo kuma a Orangi sai a yi makonni ba a gan shi ba, mutane na saye a hannun masu tanka da tsada.

Na leƙa wasu sassan aikin a gurguje. Akwai asusun ba da ƙananan basussuka, Orangi Charitable Trust, da aka kafa a 1987, wanda ke tallafa wa masaƙan alharini na Banarasi, da mata masu ɗinki a gida, da masu ƙananan kantuna. Akwai shirin inganta bulon da thallewala ke bugawa da rufin ɗaki mai rahusa, da na taimakon makarantun da 'yan unguwa suka buɗe da kansu. Duka a kan ƙa'ida ɗaya suke tafiya: a nemo abin da mutane suka riga suka fara, a ƙarfafa shi.

Inda na fi daɗewa shi ne ɗakin taswirori. Ofishin ba shi da wani ƙawa, fanka ce ke juyawa a sama, amma bango da kabad cike suke da zanen layuka, kwararo da bututu na kusan duk birnin. Matasan unguwa ne suka zana su, 'yan makaranta da aka koya wa awo da zane, suka bi gari da ƙafa. Wannan gadon Perween Rahman ne. An haife ta a Dhaka a 1957, ta zo Karaci tana yarinya cikin waɗanda yaƙin 1971 ya raba da gidajensu, ta karanta zanen gine-gine a kwalejin Dawood, ta bar aikin zana wa masu kuɗi gidaje ta shiga OPP a 1982. Daga baya ta shugabanci sashen bincike da horo, ta riƙe aikin bayan rasuwar Dokta Khan a 1999. Duk wanda na yi magana da shi a ofishin Perween Baji yake ce mata, wato Yaya Perween, har dattawan da suka girme ta.

Taswirorin nan sun yi aikin da zanga-zanga ba ta yi ba. Sun nuna cewa mafi yawan ƙazantar Karaci ta kwararon ruwan sama take bi, ba ta manyan bututun da ke cikin takardun hukuma ba. Saboda haka a maimakon a ci bashi a shimfiɗa sabbin hanyoyin da ba abin da zai shiga cikinsu, gara a gyara kwararon, a rufe su da kankare, a kafa matata a bakinsu. Da wannan hujja OPP da ƙungiyoyin unguwanni suka ƙalubalanci wani aikin magudana a unguwar Korangi, har gwamnatin jihar Sind ta soke bashin dala miliyan 70 na Bankin Raya Asiya a 1999, bayan an nuna za a iya yin aikin da kaso kaɗan na kuɗin. Ƙungiyar da ba ta da ko motar haƙa ta hana a ɗora wa jiha bashin da jikoki za su biya.

Daga nan Perween ta juya ga ƙasa da ruwa, abubuwa biyu da ake kashe mutum a kansu a Karaci. Ta tattara bayanan wuraren da ake satar ruwan gwamnati daga manyan bututu ana sayar wa talakawa a tanka. Ta sa aka zana tsofaffin ƙauyukan gefen birni, waɗanda ake kira goth, sama da 2,000, domin mazaunansu su samu takardar mallaka kafin masu ƙwacen fili su cinye su, kuma fiye da 1,000 sun samu amincewar gwamnati. Ta san haɗarin, an sha yi mata barazana, an taɓa shigo mata ofis da bindigogi. Ranar 13 ga Maris 2013, tana hanyar komawa gida da yamma, wasu a kan babur suka harbe ta a titin Manghopir. Tana da shekara 56. Kotun yaƙi da ta'addanci ta yanke wa mutum huɗu ɗaurin rai da rai a Disamba 2021, babbar kotun Sind ta sake su a Nuwamba 2022. Na bi ta wurin da abin ya faru, titi ne mai cunkoso kamar kowane, kuma zuciyata ta yi nauyi ƙwarai.

Waɗanda ta horar ba su watse ba. Wasunsu tun tana raye suka kafa tasu cibiyar horo ta fasaha, TTRC, a cikin Orangi. Bayan ambaliyar Agusta 2020 da ta nutsar da sassa da yawa na Karaci, hukuma ta ɗora laifin a kan gidajen talakawa da ke bakin kwararo, aka shiga rusau, dubban iyalai a gefen kwararon Gujjar da na Orangi suka rasa muhalli. A Manzoor Colony kuwa mazauna suka kira matasan TTRC, suka bi magudanar unguwar suna aunawa suna ɗaukar hoto taki bayan taki. Awon ya nuna shara da laka ne suka cushe hanyar, kuma yawancin ƙofofin da ruwan ke fita zuwa teku a toshe suke, a can wajen unguwar masu hali. Da wannan taswira suka tunkari hukuma, aka dakatar da rusau ɗin da aka shirya, aka sake lissafi, gidajen da aka taɓa a ƙarshe ba su kai ko kusa da adadin da aka yi wa jan fenti da farko ba.